Gudan Jinin Nashwa

Shafi na 23

Masu bina har akwatin saƙo da "ina ci gaba?", ku yi haƙuri, a shagon magani nake aiki, ba gidan jarida ba. Ke kuma da kika ce da gangan nake ja muku rai, Allah Ya sa kada ki taɓa rubuta labarin 'yar'uwarki da hannunki.

Mun tsaya a kicin ɗin yayata Nashwa, hawa na uku a gidan surukanta da ke Damanhur, ranar Juma'ar da mijinta Midhat ya kwana ɗaya da dawowa daga Kuwait. Na buɗe bokitin shinkafa zan auna mata, sai hannuna ya ci karo da takardar asibiti a naɗe cikin leda.

Ni Rabab shekarata biyar ina karanta rubutun likitoci, har wanda su kansu ba sa iya karantawa. Wannan kuwa da na'ura aka buga shi, tas. Duk da haka sai da na karanta sau biyu, don na farkon idona ƙin yarda ya yi.

Hoton zuciya ne, na shekaranjiya Laraba. Gudan jini a ɗakin zuciya na dama, ya kai girman dabino, kuma ba a manne yake ba, yana lilo duk bugun da zuciyar ta yi. A ƙasa likita ya rubuta: a kwantar da ita yau. Ƙasan wannan kuma sa hannun yayata ne, wai ta ƙi kwanciya bisa raɗin kanta.

"Abla." Haka muke kiran yaya mace a garinmu.

Ba ta juyo ba. Tana tsaye a kan ganyen lalo da wuƙar nan mai lanƙwasa mai mariƙi biyu, tana kai ta dama tana kai ta hagu.

"Abla Nashwa, mene ne wannan?"

"Shinkafa. Kofi uku za ki auna, ki wanke ta sau biyu."

Na tura ƙofar kicin da ƙafa, na kai mata takardar har gaban hanci. Ta dube ta, ta dube ni, ta ci gaba da yanka.

"Mayar da ita inda kika same ta."

"A shinkafa? Nan likita ya ce ki ajiye?"

"Rage murya. Hajja tana falo."

Hajja Insaf ke nan, uwar mijinta. Gwiwa ta hana ta hawa bene duk shekara, amma yau ta hau hawa uku don ta ci abinci da ɗanta. Kunnenta kuwa lafiyarsa ƙalau, gwiwar ce kawai ta tsufa.

Ga waɗanda suka shigo mana a tsakiya: shekarar Abla shida da aure, ɓari uku. Bayan na ukun Midhat ya tafi aiki Kuwait, bai yi wata biyu ba ƙafarta ta kumbura suntum. Da aka yi gwaje-gwaje aka gano garkuwar jikinta ce ta juya tana yaƙar jininta, yana daskarewa babu dalili, kuma shi ke kashe mata ciki. Aka ɗora ta kan ƙwayar tsinka jini, ɗaya kullum. Ni nake kawo mata daga shago. Daga ni sai ita muka sani. Shi Midhat an gaya masa jijiya ce ta riƙe a ƙafa.

"Ina ƙwayoyin da na kawo miki ɗaya ga wata?"

Ta shiga tattara ganyen a faranti.

Na san gidan nan kamar ni na gina shi. Na jawo durowar tsummokin goge kwano, na ɗaga na ƙasa. Kwali biyu, na wannan watan ko ɓarewa ba a yi ba, na wancan an sha rabi.

Na juyo da kwalin a hannuna.

"Tun yaushe?"

"Tun ranar da ya turo min hoton tikitin jirgi."

"Sati biyar, Abla. Sati biyar kina yawo da jinin nan babu magani."

"Ke kika ce."

"Ni? Ni na ce ki daina?"

"Ke kika ce kada in kuskura in ɗauki ciki ina shan ta, tana lalata ɗa. Nan kika zauna kan kujerar can kina cin kankana kika faɗa."

Gaskiya ne, na faɗa. Har yau ina jin haushin bakina.

"Na kuma ce miki akwai allura wadda mai ciki ke yi. Wannan rabin ba ki ji shi ba?"

"Na ji. Na kuma ga cikin matar da ke yin ta a layin asibiti, duk ya yi shatin baƙi-baƙi. Mijina ba makaho ba ne."

"To ya gani mana! Mijinki ne ko sufeto?"

Ta ajiye wuƙar. A nan na lura da abin da ya kamata in lura da shi tun safe: kafin ta yi magana sai ta ɗan tsaya ta tara numfashi. Kaɗan ne, wanda bai san ta ba ba zai kula ba.

"Hutun kwana talatin aka ba shi, Rabab. Ɗaya ya tafi. In ya koma sai bayan shekara biyu, lokacin ina da talatin da huɗu."

"In kin kai."

"Bakinki ya sari ɗanyen kashi."

"Amin. Ɗauko mayafinki mu tafi."

Ta yi dariya, wai ni ce abin dariya. Ta ɗaga murfin tukunya, tururin romon zomo ya bugi fuskarta, ta ɗanɗana gishiri.

"Ba abin da ke min ciwo. Wallahi ko tsinke. Ni dai na je ne a duba ni kafin ya dawo, in ji ko jikina zai ɗauki ciki. Da ban je ba da yanzu muna nan muna hira lafiya."

"Shi ya sa yake kisa, don ba ya ciwo. Ba ya sallama, Abla. Ɓallewa zai yi ya bi jini ya toshe miki huhu, kina tsaye, ko salati ba lallai ki ƙarasa ba."

"Haka likitan ma ya ce. Makaranta ɗaya kuka yi?"

Na kamo hannunta da ƙarfi na ɗora yatsuna a kan jijiya. Ta yi ta fizga, na ƙi saki. Ina kallon agogon bango ina ƙirgawa. Ɗari da takwas, mace tana tsaye tana yankan ganye.

"Zafin murhu ne," in ji ta.

"Zan gaya wa Ustaz Midhat."

"Ba za ki gaya masa ba."

"Yana shigowa daga masallaci zan tare shi a bakin ƙofa."

"Sai Hajja ta ji, ko? Ki fita ki ce mata likita ya auna ya ce jinin surukarta ya yi nauyi. Za ta ce ai ita ta riga likita ganewa tun ranar da aka kawo ni gidan."

A garinmu in an ce jininka na da nauyi, an ce zama da kai na gundurar mutane ke nan. Ko a wannan halin sai da na kusa murmushi, don kuwa haka Hajja za ta ce, kalma da kalma.

"Hajja ta faɗi abin da ta ga dama. Tsoron me kike ji? Kina ganin zai sake ki?"

"Midhat?" Ta girgiza kai. "Da ma hakan ne, da da sauƙi. Ba ki san shi ba. Yana jin maganar nan zai ce ya yafe haihuwa har abada, kuma da gaske zai faɗa. Ba zai sake ɗaga zancen ba. Sai in zauna shekara arba'in ina kallonsa yana ɗaukar 'ya'yan wansa a kafaɗa ranar salla, yana juyowa yana min murmushi don kada in ji ciwo."

Ta ɗauki wuƙar, ta sake ajiyewa.

"Kuma ba don shi kaɗai ba ne. Ni nake so. Ni. Shekara shida ina roƙon Allah gudan jinina, sai ga shi an ba ni, amma a zuciya."

 

Muka ji takun sanda, ƙwas, ƙwas. Na cusa takardar cikin rigata, Abla ta tura durowa da ƙugu. Hajja Insaf ta buɗe ƙofar ba tare da ta ƙwanƙwasa ba, don a ganinta duk ƙofar da ke gidan mijinta ne ya sa ta.

"Me ake ƙullawa aka rufe ƙofa?"

"Hayaƙi ne, Mama, kada ya dame ki," in ji Abla.

"Ni da na yi girki da risho shekara talatin?" Ta leƙa faranti, ta murza ganyen tsakanin yatsu. "Yankan ya yi. Yanka dai kin iya, ba a hana ki." Ta juyo kaina, ni da suke wa laƙabi da likita. "Daktora, ke kuma lafiya kike? Fuskarki kamar an ce an rufe shagon."

"Lafiya lau, Hajja."

"To madalla. Nashwa, yau dai ki taimaka ki buɗe maƙogwaro. Ɗana shekara biyu yana cin lalon leda na 'yan Kuwait. Kada ki kawo masa wanda ganye ya kwanta ƙasa ruwa ya hau sama."

"In sha Allahu, Mama."

"Kullum in sha Allahu. Shekara shida shahkarki kamar ta mage mai mura."

Shahka dai ba wata aba ba ce. In kin soya tafarnuwa a man shanu za ki juye cikin lalo, ba a juyewa baki rufe. Daidai lokacin da man ya ce cuu a tukunya sai ki ja numfashi da ƙarfi, mai ƙara, kamar an zo miki da mugun labari. In ba ki yi ba miya ba za ta haɗu ba. Ni da na yi karatun kimiyya na san babu ruwan ganye da maƙogwaron kowa, amma ni ma ina yi, ko ni kaɗai ce a gida. Abla ce dai kunya ba ta taɓa barinta ta yi mai ƙarfi ba, Hajja kuwa ta mayar da abin waƙa.

"Ni a zamanina," Hajja ta ce tana juyawa, "in na yi shahka, mai gyaran keke na bakin titi sai ya ce yau lalo ake ci gidan Alhaji."

Sandar ta koma falo, ƙwas, ƙwas.

Na fiddo wayata.

"Wa za ki kira?"

"Motar asibiti."

Ta kama wayar da hannu biyu, hannun duk koren ganye.

"Ki tara min unguwa a ƙofar gida ranar da mijina ya dawo? Rabab, saurara. Ƙarfe ɗaya da kwata yanzu. Ki bar shi ya ci abinci. Ya ci, ya sha shayi, in ga fuskarsa sau ɗaya bai san komai ba. Ƙarfe uku na yi zan sa mayafi in bi ki. A hanya ki gaya masa duk abin da kike so."

"Ƙarya kike."

"Na rantse."

"Ranar Laraba ma ai rantsuwa kika yi min cewa kasuwa za ki."

"Na je kasuwar, daga baya." Idonta ya ciko. "Don darajar Mama da ke kwance a kabari, ki ba ni awa biyun nan. Gudan jinin ya yi sati biyar yana zaune, awa biyu ne zai gagare shi?"

Ku da ke rubuto min cewa da ku ne da kun yi kaza da kaza, ku faɗa min yadda ake cewa a'a in yayar da ta raine ki ta haɗa ki da uwarku. Na san amsar da ta dace. A makaranta na koye ta, na ci jarrabawa a kanta. Amma na mayar da wayar aljihu.

"Ƙarfe uku," na ce. "Ko cokali na bakinsa."

"Ƙarfe uku."

"Kuma ki zauna, ni zan ƙarasa."

"Ki ƙarasa Hajja ta gane hannu? Tana ɗanɗanawa za ta sani."

Na jawo mata kujera, ta ture. Na karɓi tukunyar shinkafa daga hannunta, ta ƙwace. Na buɗe taga, na rufe, na sake buɗewa. Na dubi agogo, ɗaya da minti ashirin da biyu. Na wanke kofin da yake a wanke. Ta yi tari sau ɗaya, ɗan ƙarami, na zabura har na zubar da gishiri.

"Kin ga, fita," in ji ta. "Kina tsaye a kaina kamar mai jiran gawa. Ungo." Ta danƙa min ɗan turmin tagulla da kan tafarnuwa biyu. "Je ki falo ki ɓare ki daka, ki taya Hajja hira. In romo ya tafasa na zuba ganye zan kira ki."

"Ki bar ƙofa a buɗe."

"Na ji."

Ina fita ta tura ta, ta bar ɗan tsagi.

Ban kai ga zama ba Midhat ya yi sallama, da farar jallabiya da ledar mangwaro, yana haki saboda benen. Kuwait ta ƙona shi, ta kuma sa masa tumbi. Ya sumbaci hannun uwarsa, ya ɗaga hanci sama yana shaƙar ƙamshi.

"Allah! Zomo ne wannan?" Ya ɗaga murya wajen kicin. "Uwar gida, in shigo?"

"Kada ka kuskura," Abla ta amsa daga ciki. Muryar garau. Na ji sanyi kaɗan.

Ya zauna yana dariya. "Daktora da kanta take daka? Yau mun zama manya."

"Ana koya mata ne," in ji Hajja, "ko Allah zai sa wani ya ɗauka."

Sauran ranaku da na rama. Yau na sunkuyar da kai ina ɓare tafarnuwa, kunnena ɗaya na kicin. Ina jin ƙarar ludayi a jikin tukunya, in ya yi shiru gabana ya faɗi, in ya dawo in saki numfashi. Takardar tana cikin rigata, gefenta na sukar fatata. Ɗaya da minti arba'in.

Hajja ta shiga ba shi labarin unguwa, wa ya mutu, wa ya haihu, wa ya gina hawa na huɗu. Yana ta "to", "Allah Ya jiƙansa", "madalla", amma na lura ni yake kallo. Da ta tsaya shan ruwa ya matso da kujerarsa, ya yi ƙasa da murya.

"Daktora, in tambaye ki."

"Ina ji."

"Jiya da ta sauko tarona, da za mu hau sai da ta tsaya sau biyu a bene. Ta ce takalmi ne. Nashwa da ke hawa da tulun gas ba ta tsaya ba."

Na ci gaba da daka.

"Ta rame kuma. Na tambaye ta, ta ce kewata ce." Ya yi ɗan murmushi, murmushin bai zauna ba. "Ni ba yaro ba ne. Ke ce ƙanwarta, ke ce mai magani. Akwai abin da ya kamata in sani?"

"Me kuke ƙus-ƙus?" in ji Hajja.

"Maganin gwiwarki nake tambaya, Mama."

Ya dawo da idonsa kaina. Mutumin nan bai taɓa yi min komai ba sai alheri. Shi ya saya min littattafai a shekarata ta ƙarshe a makaranta, lokacin da Baba ya kwanta ciwo. Na dubi agogo, biyu saura kwata. Awa ɗaya da kwata ya rage a alkawarina. Na dubi tsagin ƙofar kicin. Na ji tausayin yayata, na ji haushinta, na kuma ji tsoro ya fi su duka.

Na ajiye taɓaryar, na sa hannu cikin rigata.

"Ustaz Midhat, akwai wata takarda da..."

Sai muka ji ta.

Daga kicin ta fito, doguwa, mai ƙara, irin wadda ake jawowa tun daga ƙasan ciki. Ban taɓa jin Abla ta ja numfashi haka ba. Na tabbata har hawa na biyu sun ji.

Hajja ta buga sanda a ƙasa, fuskarta ta washe.

"Yauwa! Masha Allah. Ka ji shahka, ka ji ta 'yar gida! Shekara shida ina jiran wannan."

Midhat ya tuntsire da dariya, ya jingina da kujera, duk damuwar ta sauka daga fuskarsa.

"Kin ji ko, Mama? Don ni ta ajiye ta." Ya ɗaga murya. "Allah Ya yi wa hannunki albarka, uwar gida!"

Ba a amsa ba.

"Bar ta, tana juyawa," in ji Hajja. "In ta yi magana yanzu miyar za ta tsinke. Daktora, tashi ki shimfiɗa ledar tebur."

Wallahi na fara miƙewa. Har na ji daɗi, na ce a raina yau dai ta rufe bakin tsohuwar nan. Turmin ne ya kusa zamewa daga cinyata, na tare shi da hannu, na duba ciki.

Ba a yin shahka sai an juye tafarnuwa.

Tafarnuwar tana hannuna, ɗanya.